Tazarar Fulogi

Ƙarfe goma a Ƙofar Ruwa,
ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai,
Sallau ya turo Golf ɗinsa da kafaɗa,
yana haki, yana rantsuwa:
"Tun daga Kurna take mini tari.
In taka ta cije, in saki ta mutu,
mai kuwa kamar rami nake zuba wa."

Na ɗaga bonet, na tokare da sanda,
na naɗe hannu sai da injin ya huce.
Wanda ya taɓa kwance fulogi da zafi
ya san kukan tiredi in ya cinye.

Wayoyi huɗu, na zare su a jere,
kada ta biyu ta kwana a ɗakin ta uku.
Na hure ramukan, yashi ya tashi,
sannan na saukar da sifana mai dogon wuya.

Na farko ya fito da launin gurasa
wadda ta ji wuta daidai.
Na biyu haka, na huɗu haka.
Na uku kuwa baƙi, a jiƙe, yana warin fetur,
baki a wangale kamar mai hamma a wurin wa'azi.

Can ƙarƙashin rumfar kwano
Oga Mati na zaune a kan benci.
Yana ta rufe masa ido tun bara waccan,
amma kullum sai jikansa ya jawo shi,
wai ƙamshin gareji ke sa shi cin abinci.
Shekara tara na yi ina wanke masa sifanu.
Ranar da na fasa farin tangaran na fulogi
marin da na sha har yau kunnena na tuna shi.
Da na buɗe wurina, ba mu yi sallama ba.

Ya ce, "Barau, miƙo."
Ban tambayi yadda ya sani ba.
Ya lalubi bakin, ya cusa farcen babban yatsa,
ya juya shi sau ɗaya.
"Ya yi faɗi. Tartsatsi ba ya tsallake rijiya."

Na ciro fila-geji daga aljihun gaba,
na baje ganyayensa kamar mafici.
Ɗigo takwas ya shiga yana lilo.
Ɗaya da ɗigo biyu ya wuce ba gardama.
Na yi shiru. Shi ma bai ce komai ba.

Buroshin ƙarfe, ɗan fetur a murfin gwangwani,
kunkunniya ta zube, ƙarfe ya nuna fuska.
Na ƙwanƙwasa 'yar ƙugiyar a kan bais,
a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai.
Na gwada: ganye ya ƙi shiga.
Na wuce gona da iri.
"In sun rungumi juna ma ba wuta," in ji shi,
"ɗaga kaɗan. Kada ka taɓa na tsakiya."

Na ɗaga, kaurin gashi ko bai kai ba.
Ganye ya shiga yana ɗan ja,
kamar allura a sabuwar shadda.

Da yatsu na fara ɗaura shi
har ya zauna da kansa,
sifana ta ƙara kwata, na tsaya.
Sallau ya murɗa makulli.
Bugu ɗaya.
Salansa ta tofar da abin da ke ranta, ta lafa.

Oga Mati ya karkata kunne.
"Yanzu su huɗun ke magana."

Sallau na ta ciniki,
wai don ɗan lanƙwasa ƙarfe zan karɓi dubu biyu?
Na bar masa ɗari biyar, ya tafi yana mita.
Na aika yaro ya karɓo shayi kofi biyu,
na goge hannu da tsumma,
na zauna a bakin bencin.
Tsakanina da shi tsawon sifana ɗaya.
Bai matso ba, ban matsa ba.